Ruwan da Kakana Ya Tahi Ɗebowa

Jama'a, a Dakoro an san ni da zolaya, lakkwal ma, makarantar boko, aji biyu na yi aka koro ni, amma wallahi wannan ba tatsuniya ba ce, ni ya faru da ni.

Shekarar da wasu 'yan kasuwar hatsi suka nemi auren ɗiyata Rabi, sai suka ce a faɗa masu asalinmu tukuna. Ni ko abin da na sani ɗaya ne: kakana Ɗan Tani ya bar ƙasar nan shekarar yunwa, ya yi ƙasar Kano, ya dawo da raƙuma. Na ce bari in tono sauran in yi masu taƙama.

Na hau kabu-kabu har garin Ɗan Gulbi, gun wani tsohon wanzami da gidansu ke yi mana aski tun kakanni. Ya dube ni ya ce, "Kai jikan Ɗan Tani, raƙuman kawai aka gaya maka? Ai da uwarshi ya fita, makauniya. Da ta gaza tahiya ya zaunar da ita gindin gawon can na arewa da gari, ya ce zai ɗebo mata ruwa. Sai bayan shekara goma sha ɗaya aka gan shi, ya yi ƙiba."

Na yi dariya na ce tsufa ne ya taɓa shi, amma da shegen son gani na taka har gawon, rana tsaka, ni kaɗai.

Na rantse da Wanda raina ke hannunShi, tsohuwa na tarar zaune, idanu fari fat, leɓe duk ya tsage, ga gora busasshe a cinyarta. Ban yi sallama ba ta juyo.

"Ɗan Tani, na gane takunka. Ina ruwan?"

Ga robar ruwa cike a aljihun rigata, ina jin sanyinta a ƙirjina. Kun san mi bakin nan nawa ya ce? Ya ce, "Inna, zauna nan, yanzu zan dawo." Ta gyara zama ta ce, "To, Allah shi yi maka albarka." Na juya na yi ta gudu har takalmi ɗaya ya fita.

Surukai na ce masu kakana babban falke ne, maraya tun yana goye. Aka ɗaura aure, aka yi ta yabon asalinmu. Gawon kuwa ban koma ba, shekara tara ke nan.

Bana idanuna sun fara yin fari. Shekaranjiya autana, wanda ke jana zuwa masallaci, ya zaunar da ni a inuwar ƙofar gida ya ce zai leƙa Agadas neman aiki. Na riƙe hannunshi, ya zare a hankali ya ce, "Baba, zauna nan, yanzu zan dawo."

In za ku bin sawun kakanninku, ku tahi da ruwa, kuma in an roƙa ku bayar.