Sun Tashi Baba Mai Washi Daga Ƙofar Kasuwa

Kullum kafin mahauta su rataye nama, Baba Mai Washi ya riga ya hau injinsa a bakin ƙofar kasuwa. Zai ɗiga wa sarƙa mai, ya cika gwangwanin da ke tsiyayo ruwa a kan dutsen washi, sannan ya ɗora ƙafa a kan feda. Injin ya girmi yawancinmu. Shekara talatin da takwas ke nan yana taka shi.

Makon jiya shugabannin kasuwa suka tashe shi. Wai injinsa tarkace ne, yana ɓata wa sabuwar ƙofa kyau. Tarkace! Wuƙaƙen gidajenku fa, wa yake wasa muku su?

Ku tambayi mai ɗinkin da ke shagon kwana. Ta kai almakashin marigayiya mahaifiyarta wurin mai injin lantarki, ya ƙona masa baki har ya yi shuɗi. Baba ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "'Yata, wannan ƙarfen ba ya son gaggawa." Ya taka a hankali, ya goge shi da fata. Har yau da shi take yanka yadi.

Ku tambayi mahauta ranar da rikici ya ɓarke a unguwa. Wasu ƙarti huɗu suka zube wa Baba adduna, suka ce ya wasa.

Ya sauke ƙafa daga feda. "Me za a sara da su?"

Ya cire sarƙar injin ya zura a aljihu. Ɗayansu ya shaƙe shi, ya kwaɗa masa mari har hula ta faɗi. Bai mayar da sarƙar ba. Shugabannin nan kuwa, a ranar, ofishinsu suka kulle suka arce.

Baba, kai ne ka sha mari don kada a zubar da jinin ɗan wani, yau kai ake kora kamar ɓarawo.

Jiya na same shi a gida, injin na jingine da bango. Na fara zazzaga faɗa, ya katse ni. "Bar su, ɗana, gwiwar ma ta gaji. Askar wanzami ce ke damuna, ban ƙarasa masa ba."

Mun gode, Baba, Allah Ya saka maka. Masu sana'a, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa. Ku kuma shugabanni, ku taka ku je ku ba shi haƙuri. Gidan ba nisa. Shi da ciwon gwiwa kullum a ƙasa yake zuwa.