Tumfafiya a Tukunyar Inna

Lokacin da nake digiri na biyu, aikina duk a kan kwamfuta yake. A wani ɗaki a Gyadi-Gyadi nake wuni, ina ɗauko siffar sinadaran da ke cikin tsirrai irin su hano da marke da sabara, ina gwada su da wani furotin mai haddasa kumburi a jiki. Wanda ya fi manne masa shi ne kan gaba. Hasashe ne kawai, ko a jikin ɓera ba a gwada ba.

Wata Laraba muna cin tuwo a gidanmu na Tarauni, na gaya wa yayata cewa wani sinadarin tumfafiya ne ya zo na ɗaya. Inna na gefe tana shafa man zafi a gwiwarta da ta daɗe a kumbure.

Ranar Asabar da hantsi maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Kudancin Kaduna, ta kira ni.

"Ki taho yanzu. Inna na ta amai, bugun zuciyarta ya yi ƙasa. Na ga tukunya a kicin, ganye da saiwar tumfafiya."

Nan take na tare adaidaita. Na san tumfafiya na ɗauke da wasu sinadarai masu taɓa zuciya. Na karanta, har na ja layi a ƙarƙashi, amma ban faɗa a gida ba.

Na same su a asibiti, an liƙa wa Inna wayoyi a ƙirji.

"Inna, kofi nawa kika sha?"

"Biyu jiya, ɗaya yau. Ba ke kika ce ita ta ci jarrabawa ba?"

"A kwamfuta na ce, Inna."

"To ƙarya take yi, kike wuni a gabanta?"

Likita ya nemi sunan abin da ta sha. Na rubuta masa, har da sinadaran da nake tsoro. Ya karanta, ya canza allurar da ya yi niyyar yi mata, ya ce a jira.

Na zauna na riƙe ƙarfen gadon, ina kallon lambar da ke jikin na'urar auna bugun zuciyarta. Arba'in da biyu. Arba'in. Arba'in da uku. Kiran azahar ya wuce ban iya tashi ba.

Sai bayan la'asar ɗin Lahadi lambar ta haura sittin ta tsaya. Maƙwabciyarmu nas ɗin ta cire hannuna daga ƙarfen gadon, yatsa bayan yatsa.