Kwana Nawa a Vanoise

Jiya ina kwashe takardun mahaifina na ci karo da wata tsohuwar taswira, ta yi laushi saboda yawan ninkewa. Ta gandun dajin Vanoise ce, wanda ke cikin duwatsu gabas da Lyon. A gefenta an rubuta "kwana ɗaya" da fensir, an kuma ja layi a kai. Na zauna a ƙasa riƙe da ita, na koma shekarata ta tara.

A lokacin muna zaune a Rillieux-la-Pape, hawa na tara. Kakata, mahaifiyar Baba, ta zo daga wani ƙauye kusa da Tawa don a cire mata yanar ido. Wata uku ta yi tare da mu. Aiki ya yi kyau, har ta fara gaya mini cewa kitsona a karkace yake. Amma ban da asibiti da gidajen 'yan garinmu da ake kai ta gaisuwa, ba ta zuwa ko'ina. Tana tsoron asansar, wato lif ɗin hawa bene, ba ta iya matakala. Yawanci takan zauna a bakin taga da carbi, tana kallon rufin motoci.

Saura kwana shida ta koma gida Baba ya kawo taswirar. Ya ce idon da aka gyara ya kamata ya ga wani abu. Ya tsara komai, kamar yadda ya saba a wurin aikinsa na bincike: mu tashi Asabar bayan asuba, mu ga duwatsu da ruwa, mu dawo da yamma. Lahadi a sa Kaka a jirgin ƙasa zuwa Paris, inda ƙanwarsa, Gwaggo, ke da shagon atamfa a Château Rouge. Sauran kwanakin na Gwaggo ne, kuma ta daɗe tana jiran su.

Inna ta ce yini ɗaya wahala ce kawai ga tsohuwa, awa uku zuwa, awa uku dawowa, a kwana mana. Baba ya ce masu kwana su ne masu hawan dutse, mu kallo za mu yi. Suka juya ga Kaka. Ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Inna dai ta zuba kayan sawa a jaka ba tare da ta faɗa wa kowa ba, ta dafa dambu, ta cika fulas da shayi.

Watan Agusta ne, amma da muka fito daga mota iska ta sa muka nemi rigunan sanyi. Ƙanshin ciyawa ne ko'ina, da ƙarar ƙararrawar shanu daga nesa. Can sama ƙanƙara ta yi fari a kan duwatsu. Wasu dabbobi masu kama da gafiya suna tsayawa da ƙafa biyu su yi fito, su shige rami. Ba mu yi nisa ba muka iso wata ƙorama mai saukowa daga dutse, ruwanta garau, kana ganin tsakuwar ƙasansa. Kaka ta tsaya. Ta cire takalmi, ta cire safar da Inna ta tilasta mata sawa, ta taka ciyawa. Ta yi alwala da ruwan nan mai sanyin da ke sa haƙora ciwo, tana dariya.

Baba ya so mu ƙarasa wani tafki da ke gaba. Kaka ta ce mu je, za mu same ta nan. Ni na zauna da ita. Ta tambaye ni yaushe aka yi ruwan sama a nan. Na ce ban sani ba. Ta ce a garinsu ƙorama yini guda take gudu bayan ruwa, washegari sai yashi, mata su bi da ƙwarya suna tono. Sannan ta shiga murza ciyawa da yatsun ƙafa. Can ta ce, "Tun da na zo ƙasar nan, sai yau ƙahwata ta taɓa ƙasa."

Bayan la'asar Baba ya duba agogo ya ce mu tashi. Kaka ba ta motsa ba.

"Ni nan zan kwana," in ji ta.

Baba ya durƙusa gabanta, ya yi mata bayani a hankali: tikiti na gobe ne, Gwaggo ta gayyaci mutane, shi kuma Litinin yana da aiki. Ban taɓa ganin Kaka ta yi masa musu ba, shi ma ina jin bai taɓa gani ba. Ta ce, "Wata ukku kuna kai ni inda kuke so, ban ce komi ba. Kira mini ƙanwar taka."

Muryar Gwaggo har inda nake tana isowa, rabi Hausa rabi Faransanci. Ta ce an riga an sayi rago, an faɗa wa kowa, kullum ita ce ake tauye wa rabo. Ta fashe da kuka. Kaka ta karɓi wayar, ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "In na zo, kina auna yadi, baƙi na shiga suna hita, yaushe zan gan ki? Ruhe shagon ki taho, ɗiyata. Akwai wuri kusa da ni."

Gwaggo ba ta taɓa rufe shagon nan ba, ko ranar Salla da rana takan buɗe. Ta kashe waya ba ta amsa ba. Muka sami ɗakuna biyu a wani ƙauye a bakin gandun, Inna ta fito da kayan sawan da ta zuba a jaka. Washegari da azahar waya ta yi ƙara: Gwaggo ce, tana tashar jirgin da ke ƙasan kwarin, a zo a ɗauke ta. Ta iso da takalmi mai tsini da kula cike da naman ragon.

Har Laraba muka kai. Baba ya kira wurin aiki ya nemi uzuri, kuma daga nan ya daina duba agogo. Ba mu taɓa isa tafkin tare da Kaka ba. Kullum bakin ƙoramar nan muke komawa. Abin da na fi tunawa shi ne Gwaggo kwance a ciyawa, kanta a cinyar Kaka, Kaka tana tsefe mata kai tana yi mata faɗa kan furfura. Kwana ɗaya kacal Kaka ta yi a Paris kafin jirginta ya tashi. Ba ta sake dawowa ba; bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu ni ma a Paris nake, da 'ya'yana biyu. In za mu je wani wuri, waya ce ke gaya mana awa nawa ya isa, mu kuwa mu bi. Gwaggo ta tsufa, 'yarta ce ke riƙe da shagon, ita tana zaune a kujera bayan kanta. Makon jiya na biya in gaishe ta a tsaitsaye, jakata a kafaɗa, ina cewa sauri nake. Ta dube ni, ta jawo wata kujera da ƙafa.

"Zauna," ta ce. "Ni kwana uku na samu da uwata, kuma saura kaɗan in ƙi zuwa."

Na ajiye jakar.