Tabon da Mai Hoto Ya Goge

Jama'a, ku ji abin da mai hoto ya yi min yau a Gusau!

Dare uku na yi ni kaɗai a saman soronmu a Bungudu ina ɗaukar hoton Andiromeda, gungun taurarin nan mai nisan gaske. A gida har an fara cewa na taɓu. Jiya ta fito, fara kamar ƙwayar shinkafa! Na ce bari in wanko hoton in nuna wa Inna.

Na ba mai hoto memorin kyamarata, na tafi azahar. Ina dawowa ya miƙo min takarda baƙa ƙirin, sai 'yan ɗige-ɗige.

Na ce, "Malam, ina abin da ke tsakiya?"

Ya ce, "Wanga tabon? Ai na goge maka shi tas, yadda muke goge ƙurajen amare."

Har na cikin memorin ya danne da gogaggen, babu sauran na asali! Hasken da ya yi sama da shekara miliyan biyu yana tafe!

Haka na kai wa Inna. Ta juya takardar, ta dube ni, ta ce, "Allah sarki, ɗan nan. Ashe duhu kake ɗauka."