Teta Hajrija Ta Ajin Asabar Ta Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairu, Allah ya karɓi ran Hajrija Mujkić a wani asibiti a Queens, bayan doguwar jinyar ciwon huhu. Mu 'yan ajin Asabar na gidan tarihi, inda ake shirya baƙi kyauta don jarrabawar zama ɗan ƙasa, Teta muke ce mata, wato goggo a harshensu na Bosniya.

Teta, ba ke ce malamarmu ba. A ajin nan kika yi karatu, kika ci jarrabawar da furfurarki, sannan kika ƙi tafiya. Duk Asabar sai kin zo da farantin burek, gurasar nan taku mai nama a ciki, kin zauna kusa da wanda ya fi kowa ruɗewa. Ranar da na fara zuwa, ni ce wannan.

Malama takan zaga da mu ɗakunan zane, ta koya mana tarihin ƙasar daga abin da ke rataye a bango. Wata rana muna gaban zanen wani janar tsaye ƙyam a kwalekwale, yana ƙetare kogi, kika matso kunnena kika ce, "Shahanara, wannan mai zanen bai taɓa gudun yaƙi ba. Ni da na ƙetare namu kogin, kwance nake, 'yata a ƙarƙashina." Na yi dariya, sai daga baya na gane abin da kika gaya mini.

Ni kuwa matsalata ba karatu ba ce. Da na ga jami'i a bayan tebur, harshena yake ɗaurewa. Na je ganawar farko ta jarrabawar na san amsoshin, amma na kasa furta ko ɗaya. Mahaifiyata tana can ƙasarmu, a garin Sylhet, ita kaɗai, ƙafa ta ƙi, kuma sai na zama 'yar ƙasa zan iya ɗauko ta. Kunya ta sa na daina zuwa aji.

Har shagon wankin da nake aiki a Astoria kika biyo ni, cikin sanyi, kina tari. Kika sa hular marigayi mijinki, kika ja kujera bayan teburin ninke kaya, kika haɗe rai.

"Zauna, baiwar Allah. Rassan gwamnati nawa ne?"

"Teta, don Allah, akwai mutane."

"Babu Teta a nan. Jami'i ne, kuma bai karya kumallo ba."

Masu jiran wanki suka kwashe da dariya, wata 'yar Mexico ta ɗaga mini yatsu uku ta bayanki. Haka kika yi ta zuwa har sanyi ya wuce, sai da na iya kallon ɗaurarriyar fuska ban sunkuyar da kai ba. Ban san a lokacin likita ya hana ki fita ba. Amra ce, 'yarki, ta gaya mini wannan a wurin zaman makoki.

Ranar da na ci, asibiti na wuce da kayan da ke jikina. Na tarar an sa miki robar numfashi, kin rame ƙwarai. Na ce, "Teta, na ci." Kika janye robar kika ce, "Na sani. To me kike yi a nan? Je ki kira uwarki." A gefen gadonki na kira ta. Ba ku jin yaren juna, amma kun daɗe kuna kallon juna a waya, tana sa miki albarka, kina gyaɗa kai.

Kin ce za ki zo rantsuwata ta zama 'yar ƙasa ko da a keken marasa lafiya ne. Allah bai nufa ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Amra da jikokinki, Edin da Lejla, da 'yan ajinmu, musamman waɗanda ganawarsu ke tafe ba ki nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Allah ya jiƙanki, Teta, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce ƙasarki ta ƙarshe, wadda ba a korar kowa daga cikinta. Kin tsaya mana har muka amsa tambayoyin mutane. Ya Allah, ka tabbatar da harshenta a wurin taka tambayar. Amin.

Shahanara Begum, Astoria