Jadawalin da Ya Koma Dama

Shekarar da aka kawo kwamfutoci makarantarmu a Haɗeja, an tara mu malamai don a koya mana shigar da makin ɗalibai a jadawali. Kusa da ni malamin Larabci ne, dattijon da ya karantar da ni ina yaro. A keke yake zuwa daga bakin kogi, da taɓo a ƙafar wandonsa.

Shi daga dama ya saba fara rubutu. Sai ya yi ta matsawa dama yana neman gidan farko, gidajen kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Ya tambaye ni a hankali, "Ɗana, wannan takarda ba ta da baki ne?"

Mai koyar da mu ya ji, ya tuntsire da dariya. Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, koyarwa aka kawo ka yi ko dariya?"

Jikinsa ya yi sanyi. Ya zo ya danna wani wuri, jadawalin ya juya, gidan farko ya koma dama.

Dattijon ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ce, "Ashe ita ma ta yi makarantar allo."