Idon Inna Hajo Mai Bandar Kifi

Har yau ranar da Inna Hajo ta dawo mini karo na uku ba ta fita raina ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in lafiya a wani asibitin ƙauye a yankin Bagudo, dab da iyakar Benin. Ni ne mai ba da kati, ni ne mai allura. Kafin azahar na gaji tilis, wanda ya shigo da jan ido kuwa, ko bakinsa bai rufe ba na rubuta masa maganin apolo.

Haka na yi wa wannan dattijuwa har sau biyu. Ta ce idonta na yaji kamar an zuba yashi, ga hawaye ba tsayawa. Na ba ta maganin ɗigawa, na kira na gaba.

Zuwanta na uku ya dace da ranar da maigidanmu, nas ɗin ido, yake zagayowa. Ya haska idon, ya duba shi da kyau.

"Inna, wace sana'a gare ki?"

"Bandar kihi nika yi, ɗana. Tun sahe ina bisa hayaƙi har la'asar."

Ya ce mata idon bushewa ya yi. Ta yi 'yar dariya.

"Idon da ka zubar da ruwa wuni guda, shi na ya bushe?"

Ya bayyana mana cewa akwai ɗan maiƙon da ke hana danshin ido tsotsewa. Hayaƙi da zafin wuta da shekaru sukan rage shi. In ido ya bushe sai ya yi ta kwararo hawaye tsalala, wanda ba ya zama. Ya rubuta mata ruwan jiƙa ido, ya ce ta riƙa ɗumama fatar idon da tsumma mai ɗumi, ta matsa daga hayaƙi.

"In matsa in ci mi?" in ji ta.

Ta karɓi takardar maganin, ta miƙe. Da ta fita maigidan ya nuna mini katinta: a watannin da na ɓata ina ba ta maganin apolo, idon hagu ya riga ya yi tabo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

Tun daga nan, komai tsawon layi, sai na tambayi mutum aikinsa kafin in ɗauki biro. Inna Hajo tana nan tana banda. In ta zo gaishe ni, sai ta karkato fuska ta dube ni da idon dama.